Tun da Ƙarnin Kifi Ya Bar Jikinsa, Inna Ta Daina Gane Shi

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin 'ya'yan kifin da mijina ya yi oda sun kusa isowa, kuma kafin su iso dole mu yanke hukunci. Kada ki sa sunana. Ki ce matar mai karfasa kawai, wanda ya gane ya gane.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Mijina kiwon kifi yake yi, karfasa zalla, a tankunan siminti can bayan gari. Mutum ne mai haƙuri, ba ya faɗa, ba ya yawon banza, in ka cire kifinsa ba shi da abokin hira. Aibinsa ɗaya ne tun ranar da na shigo gidan nan, shi ne ƙarni. Ba na ɗanyen kifi nake nufi ba, wannan ai mai sauƙi ne. Ƙarnin garin kifi nake nufi, wato ƙananan kifi da aka busar aka niƙa, wanda ake haɗawa da dusa a yi wa kifin kiwo abinci. Gwaggo, in ba ki taɓa shaƙarsa ba ki gode wa Allah. Yana shiga gashi, ya shiga farce, ya shiga matashin kai, ya zauna daram kamar ya biya kuɗin haya.

A gida yake haɗa abincin nan, a ƙarƙashin rumfa, daidai ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, wadda dukkanmu muke kira Inna. Kullum da safe zai shimfiɗa tamfol, ya ɗauko babban baho, ya zuba garin kifi da dusa da ɗan garin rogo, ya kwaɓa da ruwan ɗumi. Sai ya dinga tura kwaɓin cikin wani tsohon injin niƙa nama na hannu, mai ƙara kamar ƙofar da ba ta taɓa ganin mai ba, abin ya fito zare-zare, ya gutsuttsura ya shanya. Inna kuma tana zaune a bakin ƙofarta da 'yar sanda, tana korar kaji, tana yi masa faɗa wai ya cika ruwa. Kullum sai ta ce ya cika ruwa, ko da kwaɓin ya yi tauri kamar dutse. Shi kuma ya ce to, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ni na san abin da na sha. Magen unguwar nan kaf a gidanmu suke taro, wasu ma ban san masu su ba. Akwai amaryar da ta dawo mini da rigar da na ɗinka mata, wai ango ya tambaye ta ko a bakin kogi aka yi mata kwalliya. Akwai direban da ya ɗauko mu ana ruwan sama, ya sauke gilasan motarsa duka huɗu, ya ce gara mu jiƙe. Yaranmu a makaranta 'ya'yan kifi ake kiransu. Babu sabulun da ban gwada ba, babu lemon tsamin da ban matse ba. Akwai wata shuɗiyar rigar aikinsa, mai yagaggen gwiwar hannu, wadda na wanke har hannuna ya saɓule, ƙarnin ko gezau. Sau biyu ina jefa ta a shara yana tsinto ta.

To, bara sai malamin gona ya zo zagayen tankuna, ya ce masa karfasa ba kamar tarwaɗa ba ce, ita asalinta ma mai cin ganye da gansakuka ce, saboda haka za a iya rage mata garin kifi sosai a maye gurbinsa da waken soya da tunkuzar gyaɗa. Dama garin kifin kullum tsada yake ƙarawa, ga masu sayarwa wasu har yashi suke cakuɗawa. Mijina ya dawo ya ba ni labarin nan a matsayin hira kawai. Ni kuwa na riƙe maganar gam. Da safe waken soya, da rana waken soya, ko gaisawa muke sai na saka waken soya a ciki. Bawan Allah ya gaji ya ce zai gwada.

Gwajin farko abin dariya ne. Ɗanyen wake ya niƙa ya ba su, kuma a rana ɗaya ya janye garin kifin gaba ɗaya. Ya ce kifin sai su ɗauki ƙwayar a baki, su juya ta, su tofar, su dube shi. Ni ban san kifi yana harara ba sai a bakinsa. Suka ƙi girma, shi ma ya ƙi cin abinci don taya su. Da ya koma wajen malamin gona, sai malamin ya ce masa ai dole a gasa waken tukuna, domin ɗanyensa yana hana kifi narkar da abinci, kuma a hankali ake rage garin kifin, sannan akwai wani sinadari da ake ƙarawa don cike abin da wake ba shi da shi. Gashi da niƙa da fitar da ƙwaya masu yawa haka sun fi ƙarfin tsohon injinmu, sai aikin gaba ɗaya ya koma wajen wani mai inji kusa da tankunan. Yanzu da sassafe yake fita, sai rana ta kusa faɗuwa yake dawowa.

Gwaggo, abin ya yi kyau. Kamun farko kifin sun ɗan yi jinkirin girma, na biyu kuwa masu saye ba su ga bambanci ba. Tarin da yake yi shekara da shekaru saboda ƙurar garin nan ya tsaya cak. Magen unguwa suka watse, har tamu ta gida ta koma maƙwabta, ko sallama ba ta yi mana ba. Na sayi sababbin matasan kai. Na fara rataye kayan mutane a tsakar gida ba tare da fargaba ba. Mijina ya dawo yana ƙamshin gasasshen wake da sabulu, na ce ashe haka sauran mata suke ji.

Yanzu ga inda matsalar take. Inna idonta ya daɗe da yin yana, inuwa-inuwa kawai take gani, kuma gigin tsufa ya fara taɓa ta. Takan manta ta ci abinci, takan kira 'yata da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba. Amma ba ta taɓa kuskuren ɗanta ba. Ƙato take kiransa, wai da girma aka haife shi, ko da yake yanzu in ya tsaya a bayan tsintsiya sai an neme shi. Kafin ya yi sallama za ki ji ta ce Ƙato ya dawo. Mu duk mun ɗauka takunsa take ganewa.

Wata biyu ke nan, ya dawo da yamma, ya yi wanka, ya je ya durƙusa ya gaishe ta. Sai ta ja mayafinta ta rufe kai, ta amsa masa da ladabi, ta tambaye shi ya mutanen gidansa, ta ƙwala mini kira wai in kawo wa baƙo ruwa. Wallahi dariya muka yi, har shi. Washegari ma haka. Daga baya ta yanke wa kanta hukunci cewa shi ma'aikacin wutar lantarki ne, kullum ya zo sai ta kai masa ƙarar yawan ɗauke wuta, shi kuma ya yi alkawarin zai gaya wa manyansa. Yakan ce mini tunda aka haife shi bai taɓa samun girmamawa irin wannan a wajen Inna ba, har sabuwar tabarma take sa a shimfiɗa masa. Ya sha gaya mata cewa shi ne Ƙato. Sai ta yi murmushi irin wanda ake yi wa mai wasan da bai iya ba, ta ce ita ɗanta ba ya ƙamshin sabulu.

Ni kuwa tana gane ni sarai, da ƙarar almakashi da keken ɗinki. Ranar da dariyar ta ƙare, yana zaune a kan sabuwar tabarmar nan, ta kamo hannuna ta rage murya, wai kada baƙo ya ji. Ta tambaye ni ko ta yi wa Ƙato wani laifi ne ya daina zuwa. Ta ce in gaya masa in a kan faɗan da take yi masa na cika ruwa ne, ta bari, ba za ta ƙara ba, ya zo kawai. Gwaggo, ban iya ɗaga kai na dube shi ba.

Satin da ya wuce na shiga sito da yamma ɗaukar gawayin guga, na tarar da shi zaune a kan kifaffen bokiti, da tsohon buhun garin kifi a cinyarsa, shuɗiyar rigar nan a ciki. Ashe nan ya ɓoye ta. Ba abin da yake yi, zaune kawai yake. Da ya gan ni sai ya ce ya yanke shawara, da zarar sababbin 'ya'yan kifi sun iso zai koma garin kifi gaba ɗaya, kamar da. Na ɗebi gawayina na fita.

Ƙanwata ta ce abu mai sauƙi, ya dinga shafa ɗan garin a jiki kamar turare in zai shiga wajen Inna. Da na kai masa wannan shawara, mutumin da ba ya fushi ya yi fushi, ya ce ba zai yi wa uwarsa wasan kwaikwayo ba. Ni kuma ina tsoron tarin nan ya dawo, ina tsoron masu kawo mini ɗinki su sake guduwa, ina jin takaicin wahalar da ya sha kafin ya iya sabon haɗin. Amma Inna ce fa. Ita ta goya mini yarana duka, ita take shigar mini in mun saɓa da ɗanta. Ba na so in zama matar da ta zaɓi matashin kai ta bar tsohuwa tana cigiyar ɗanta yana zaune a gabanta. Kuma tunda ba ki san ni ba bari in faɗa miki, wani lokaci in ta kira ni ta ƙi gane shi, nakan ji wani ɗan daɗi a raina, sai kuma kunya ta rufe ni. In bar shi ya koma, ko in tsaya a kan bakana?

Matar mai karfasa

*

'Yata matar mai karfasa,

Na yi dariya a kan direban nan har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya, da na zo kan labarin Inna kuma sai na ajiye takardar na ɗan jima kafin in ci gaba. Ki kwantar da hankalinki. Ba mugunta kika yi ba da kika so gidanki ya daina ƙarni, mijinki kuma ba wauta yake yi ba da yake so uwarsa ta kira sunansa. Ku biyun kuna da gaskiya, sai dai ku biyun kuna neman maganin a inda ba ya nan.

Mu fara sallamar kifin, don su ba su da laifi. Karfasa sun karɓi waken soya, suna girma, masu saye ba su koka ba, ƙirjin mai su ya huta. Babu dalilin rushe wannan. Abincin kifi don kifi ake haɗa shi, a bar malamin gona da idon mijinki su yanke abin da ya dace da su. Amma ki lura da wani abu da zai yi muku amfani: masu kiwo da yawa ba sa janye garin kifi kwata-kwata, musamman ga 'ya'yan kifi ƙanana, domin su sun fi manya buƙatar abinci mai ƙarfi, kuma ƙarnin nan da kika tsana shi yake jawo su su ci. Ga shi kin ce sababbin 'ya'ya na hanya. Ya tambayi malamin gona ko ya dace a haɗa musu nasu daban da ɗan garin kifi a makonnin farko. In ya amince, abin da 'yan mitsi-mitsin nan za su ci bai wuce cikin ƙaramin baho ba.

Yanzu ki koma ki sake karanta wasiƙarki, don amsar tana ciki, ke kika rubuta ta. Kin ce ƙarni ne ya bar gidan. Ni kuwa na ga abubuwa da yawa sun bar shi a rana ɗaya. Tamfol ya tafi, ƙarar tsohon inji ta tafi, kaji ba su da abin sata balle a kore su, kuma babu wanda za a yi wa faɗan cika ruwa. Inna tana da aiki a da, ita ce mai duba kwaɓi, yanzu an sallame ta ba tare da an gaya mata ba. Sannan da safe take samun ɗanta, lokacin da kanta yake a sake. Yanzu sai da yamma yake zuwa mata, kuma duk wanda ya yi jinyar tsoho mai irin wannan lalura zai gaya miki yamma ce lokacin da suka fi ruɗewa. Ko da ya koma garin kifi buhu-buhu, in a wajen mai inji zai ci gaba da haɗawa ya dawo da magariba ya yi wanka, ina tsoron ma'aikacin wuta za ta ci gaba da gani.

Saboda haka ga shawarata. Babban haɗi ya ci gaba a wajen mai inji, da wakensa da tunkuzarsa. Ƙaramin haɗin 'ya'yan kifi kuma ya dawo gida, ƙarƙashin rumfa, a ƙofar Inna, da safe kafin ya fita, da tsohon injin nan mai ƙara. Kada a sa masa mai. Mijinki ya rufe hanci da baki da takunkumi lokacin zuba garin, ya jiƙa shi da wuri don kada ƙura ta tashi, in tarin ya nuna alamar dawowa kuma ya ga likita. Garin ya zauna a bokiti mai murfi a sito. Ke kuma ki kwashe kayan mutane ki rufe ɗakin ɗinki na wannan ɗan lokacin. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, aikinsa ne na gaskiya, kifinsa za su ci, shi ya sa zai iya yin sa da zuciya ɗaya. Ƙanwarki ta kusa gano hanyar, ta dai ɗauka ƙarnin shi kaɗai ne ɗan Inna. In 'ya'yan kifin sun girma, ya dinga kawo waken gida Inna ta tsince masa tsakuwa da hannu, ta ce bai gasu ba. Hanci ma yana koyon sabon abu in ana kawo masa shi kullum tare da muryar da ya sani.

Ku kai Inna asibiti, kada ku ce tsufa ne kawai ku zauna. A duba idon, don sau da yawa ana iya cire yanar. A duba kunne, a duba fitsari da jini, domin wani lokaci ƙaramin ciwo ne yake ƙara wa tsoho ruɗewa, in an yi maganinsa sai a ga sauƙi.

Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Mai yiwuwa ta gane shi ranar farko, mai yiwuwa sai an jima, kuma wata rana za ta iya zuwa da ko ƙarnin ba zai yi aiki ba. In ranar ta zo, kada ya dinga ja da ita a kan shi wane ne, wannan tsorata ta kawai zai yi. Ya zauna a sabuwar tabarmarsa, ya karɓi ruwan baƙo, ya ce mata Ƙato yana gaishe ta, kuma ba ya fushi da ita ko kaɗan. Ba ƙarya ya yi ba. Wannan saƙon ma kada ku jira, ke ki kai mata shi yau, tunda ke ta aika.

Ɗan daɗin da kike ji in ta gane ki, ki daina dukan kanki a kansa. Shekaru kina yi mata hidima, zuciya ce, dole ta so a san da ita. Ki dai yi amfani da shi: tunda muryarki take yarda da ita, ke za ki zauna kusa da ita safiyar farko ki ce Inna, ga Ƙato can zai fara kwaɓi.

Kuma kada ki buɗe wannan magana da mijinki da zancen tari ko matasan kai, zai ɗauka gardama kika zo yi. Ki shiga sito ki ɗauko shuɗiyar rigar nan. Ke tela ce, ki ɗinke mata gwiwar hannu, ki ninke ta, ki miƙa masa da hannunki. Kada ki wanke ta. Sannan ki gaya masa in ji ni, ranar da zai fara, ya cika ruwa a kwaɓin da gangan. In ya ji an fara yi masa faɗa daga bakin ƙofa, kada ya juya, kada ya kare kansa, ya ce to kawai kamar yadda ya saba.

Allah ya ba Inna sauƙi, ya raya 'ya'yan kifin, ke kuma ya ba ki haƙurin magen unguwa, don za su dawo.

Gwaggonku